Daron Bakin Gonar Baba

Alhamis, 12 ga Yuli 1984, bayan la'asar

Jiya na dawo hutu. Motar Funtua ta sauke ni a bakin titi, na ɗora akwati a ka, littattafan soyayya uku da ƙawata Abike ta ba ni aro suna ƙarƙashin zannuwana. Ta ce in na bar ruwa ya taɓa ko ɗaya kada in ƙara gaishe ta.

Na iske Baba kwance a rumfa. Kurkunu ne, a ƙafar dama wajen idon sawu. Kullum da safe Inna takan naɗe masa shi a tsinke, kaɗan-kaɗan, don in ya tsinke a ciki sai abin da Allah ya yi. Ba ya iya taka ƙasa. Ga dawa ta wuce gwiwa tana jiran huɗa, Yaya Bature kuma ya aiko daga masaƙa a Kaduna cewa ba a ba shi hutu ba. Saboda haka jibi gayya. Baba Dogo maƙwabcinmu zai kira mutane. Ni kuma an ba ni daro.

Tun ina ƙarama ba a shiga gonarmu sai an wanke fartanya da garma da takalmi da ƙafa a bakin shinge. Saboda wuta-wuta ne, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta. Ita ta cinye gonar kakanmu a Matazu har Baba ya taso ya dawo nan. Ya ce irinta ya fi toka laushi, abin da ya maƙale a bakin fartanya ɗaya ya isa. Mutanen gari suna ce wa abin alwalar Isyaku, suna dariya, amma suna wankewa, don shi da kansa yake tsayawa. Gonarmu kaɗai ce a wannan gefen ba ta taɓa yin furen ba.

Baba ya ce, "Ba faɗa za ki yi da kowa ba, Sabuwa. Ki ce Baba ya ce a wanke. Shi ke nan."

Na ce to. Ni da ko malama ta kira sunana a aji sai muryata ta maƙale.

Asabar, 14 ga Yuli, da yamma

An yi gayya. An huɗe gonar duka. Baba Dogo ne ya fara tsoma ƙafa a daro yana cewa, "To 'yar boko, ki duba da kyau, ko in wanke har kunne?" Sauran suka bi layi suna tsokanar juna, ban ma buɗe baki ba. Na yi ta canja ruwa daga tulu. Furar Inna ta ishi kowa.

Da na koma gida Baba ya ce, "Kowa ya wanke?"

Na ce kowa.

"Har da mai shanu?"

Na ce e.

Lahadi, da hantsi

Ina ta karanta shafi ɗaya. Ban san abin da ke cikinsa ba.

Talata, 17 ga Yuli, bayan azahar

Sunansa Abdussamad. Daga wajen Danja yake, yana da bijimai biyu farare, yana bi ƙauye-ƙauye yana huɗa da garmar shanu. Wancan hutun a kasuwa ya riƙe mini bijimi har na wuce, ya ce, "Wuce abinki, ba ya tunkuyi." Iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan. Tun ranar duk saurayin da na karanta a littafi fuskarsa nake ba shi, ko da an ce idonsa shuɗi ne.

Ban san shi Baba Dogo ya kira ba. Ya zo a makare, kowa ya riga ya shiga ciki, ni kaɗai ce a bakin shinge. Ya ce wata gona ya ƙarasa da sassafe. Bakin garmarsa duk jar laka ce, ta yi kauri, haka kofaton shanun. Ƙasarmu baƙa ce.

Ya ce, "Sannu da aiki, 'yan mata. Nan ce gonar Malam Isyaku?"

Na ɗaga kai.

Ya dubi daron ya yi murmushi. "Kai, har da ruwan shanu aka tanada? Lallai gidan nan akwai karamci."

Ya jawo su suka sha, suka shanye tas. Ya ce Allah ya yi mini albarka, tun safe ba su ga ruwa ba. Maganar tana bakina, wallahi tana nan a kan harshena, Baba ya ce a wanke. Amma ya riga ya gode mini. Ta yaya zan ce wa mutum ba na shanunsa ba ne bayan ya gode? Ya shiga ta gefen gabas, ya kafa garma. Na tsaya ina kallon bayansa, ina jin daɗi. Wannan ne abin da ya fi damuna, cewa daɗi na ji.

Juma'a, 20 ga Yuli, da safe

Na kai wa Baba Dogo garwashi, na tambaye shi kamar ba komai, wai gonar wa mai shanun nan ya fara yi ranar.

Ya ce, "Ta Rabe, can bayan rafi. Wadda in kaka ta yi sai ki ce jan zane aka shimfiɗa. Ai shi ya sa ubanki da gaskiyarsa. Mi ya faru?"

Na ce ba komai.

Laraba, 25 ga Yuli, da yamma

Na je gona. Ban ga komai ba.

Asabar, 28 ga Yuli, da yamma

Ban ga komai ba. Dawa ta yi kore shar. Wataƙila lakar ta riga ta bushe, irin ya mutu. Wataƙila ruwan daren Lahadi ya wanke shi ya tafi rafi. Wataƙila ba daga tsakiyar gonar Rabe ya fito ba, daga gefe ne.

Alhamis, 2 ga Agusta, bayan magariba

Kullum sai na samo dalilin zuwa, yau rama zan tsinko, gobe kuɓewa. Na ji Baba yana ce wa Inna, "Kin ga 'yar nan ta fara son gona. Da ina tsoron boko zai raba ta da ita." Ya sa aka kira ni, ya tambaye ni yadda gefen gabas yake, don can ne dawar takan fi kyau. Na ce lafiya lau. Ya ce in ta yi albarka bana zai saya mini akwatin ƙarfe, in daina jin kunyar na katako a makaranta. Ban san ya lura ba.

Na shiga ɗaki na danna fuskata a matashi.

Litinin, 6 ga Agusta, da hantsi

Ba komai. Ba komai.

A littafi na biyu yarinyar ta yi shiru wajen shafi ɗari, kuma shirun ne ya sa ya so ta. Na rufe shi na mayar akwati.

Lahadi, 12 ga Agusta, da azahar

Akwai wasu karare a gabas da ganyensu ya yi rawaya-rawaya kamar an yi fari, ga shi shekaranjiya aka yi ruwa. Na tona gindin ɗaya da yatsa. Ban tona da nisa ba. Na mayar da ƙasar.

Laraba, 15 ga Agusta, da safe

Ta fito.

Laraba, da yamma

'Yar ƙarama ce, tsawon ɗan yatsa, ganyenta siriri mai kaushi, tana manne da gindin kara kamar da can tare aka shuka su. Na san ta, tun ina yarinya Baba yake nuna mini ita a gonakin mutane. Na tuge. Na ga wata, na tuge. Na bi layin da garmarsa ta fara shiga, suna nan jefi-jefi. Na ƙulle su a bakin zane na kawo gida na tura a murhu lokacin da Inna ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce wane ɗanyen ganye na sa a wuta yake wannan hayaƙi. Na ce ramar da ta lalace ce.

In na riƙa tugewa kullum kafin ta yi fure, ba za ta zubar da iri ba. Ba wanda zai sani. Zan iya.

Asabar, 18 ga Agusta, da hantsi

Inda na tuge shekaranjiya wasu sun fito.

Talata, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Hannuna ya yi kanta. Ganyen dawa ya yayyanka mini wuya da damtse. Inna ta riƙe hannuna ta juya shi ta ce, "Wai ramar nan da ƙaya take?" Na yi dariya. Ta daɗe tana kallona.

Dawar ta fi ni tsawo yanzu, ciki duhu ne, sai na durƙusa nake gani. Na san akwai waɗanda nake tsallakewa.

Ko iska ce ta kawo? Awaki ma suna ratsa shinge. Ƙila tana cikin ƙasar tun kafin Baba ya zo, ta kwanta shekara da shekaru. Na faɗa wa kaina haka tun daga gona har gida. Amma a layi take fitowa, a miƙe. Iska ba ta san layi ba.

Juma'a, 24 ga Agusta, da yamma

Inna ta aike ni Funtua sayen maganin shafawa na Baba, na biya ta shagon su Abike na mayar mata da littattafanta. Ta ce yaya na ga ƙarshen na ukun. Na ce ban kai ba. Ta ja ni bayan shago inda babanta yake jibge buhuna, ta ce ba za ta sake ni ba sai na faɗa. Na faɗa. Ita ce ta farko.

Ta ce, "Tsaya. Shanu suka shanye ruwan, kina tsaye?"

Na ce e.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, da ta ga fuskata ta daina. "To shi gogan naki, ya san sunanki kuwa?"

Na ce ban sani ba.

"Ke dai Sabuwa Allah ya shirye ki. Ciyawa ce fa, ba mutum kika kashe ba. Ki gaya wa babanki ya sa a cire."

A Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu, amma ba ta taɓa ganin rumbu ba kowa a ciki ba. Na ce mata abincinmu ne na shekara, kuma in ta zubar da iri sau ɗaya, gonar ta tafi har 'ya'yan Yaya Bature. Can ta ce, "To ai shi ya sa za ki faɗa." Ta cusa mini littafi na ukun a jaka. Na fitar na ajiye mata a kan buhu.

Litinin, 27 ga Agusta, da safe

Kurkunun ya kusa fita. Baba ya taka har ƙofar gida da sanda. Ya ce bayan Babbar Salla zai je ya ga gonarsa da idonsa. Kowa yana murna.

Laraba, 29 ga Agusta, da azahar

Na yi mafarki ya zo da bijimansa ya ce shi zai ɗauki laifin. Ko a mafarkin ban yi magana ba.

Asabar, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Ina durƙushe a gabas, zanena cike, na ji tari a bayana. Baba Dogo ne, ya biyo akuyarsa. Ya dubi zanen, ya dubi layin, ya bi shi da ido har bakin shinge. Ya tsuguna ya tuge ɗaya ya nuna mini kanta. Ta fara ƙullo.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun tsakiyar watan jiya.

"Ke kaɗai?"

Na ɗaga kai.

"Ɗiyata, wadda kike gani a sama ba ita ce duka ba. Na ƙasa sun fi yawa, suna nan suna sha, kuma za su yi ta fitowa har a yi girbi. Ke kuma makaranta za ki koma. Wa zai tuge?"

Na dubi abin da ke cikin zanena.

"Ni na kira yaron nan, ban gaya masa al'adar gonar ba, na ɗauka kowa ya sani. Wannan nawa ne, zan faɗa wa Isyaku da bakina. Amma naki ba ni zan kai masa ba. Kada ki bari Salla ta wuce. In furen nan ya bushe, ko duk garin nan muka taru ba mu iya tsince shi."

Ya kama akuyarsa ya tafi. Bai ce mini 'yar boko ba.

Lahadi, da safe

Yau zan faɗa.

Lahadi, da yamma

Baƙi suka zo duba Baba.

Talata, 4 ga Satumba, da hantsi

Ɗaya ta buɗe. Ja ce mai haske, tsakaninta da ruwan hoda, ƙanana-ƙanana a jere. Da ban san ta ba da na sa a gashina. Na tuge ta na murƙushe a tafin hannu, na duba gaba na ga wata, da wata a bayanta.

Laraba, jajibirin Salla, da azahar

Na faɗa.

Da safe ne, Inna tana wanke masa ƙafa. Na durƙusa na ajiye furen a kan tabarma gabansa. Na ce daga gonarmu ne, gefen gabas. Na ce mai shanu bai wanke ba, ban ce masa ya wanke ba, kuma da Baba ya tambaye ni na ce ya wanke. Muryata ta fita duka, ban san daga ina ba.

Inna ta ce, "Innalillahi." Ruwan ya zube daga ƙwaryar.

Baba ya ɗauki furen ya juya shi. Na jira ya ɗaga murya. Na so ya ɗaga. Ya ce wa Inna, "A aro mini jakin Dogo."

Na bi su a baya. A bakin shinge ya sauka, ya sa Baba Dogo ya zuba masa ruwa ya wanke ƙafarsa mai lafiya da gindin sandarsa, ya goge mai ciwon ya ɗaure ta da tsumma, sannan ya shiga yana ɗingishi. Ya daɗe a ciki. Da ya fito jini ya ɓata tsumman. Ya ce bayan Salla a sare dawar gabas duka, daga shinge har gindin ɗorawa, a tara ta da abin da ke gindinta a ƙone a nan inda take. In dawar ta mutu, ita ma ta mutu.

Baba Dogo ya ce, "Isyaku, ta yi ciki fa. Wata guda ya rage ta fitar da kai. Sulusin gonarka ne."

Ya ce, "Na gani."

Bai dube ni ba, da zuwa da dawowa.

Alhamis, ranar Salla

Ba mu yi layya ba. Maƙwabta sun aiko da nama. Na sa sabon zane don Inna ta ce in sa. Baba ya amsa gaisuwar kowa. Da na gaishe shi ya amsa, kamar yadda ya amsa wa kowa.

Asabar, 8 ga Satumba, bayan la'asar

An sare. Mutum biyar suka zo, ba kiɗa, ba fura. Ina jin ƙarar adda tun daga hanya. Ni aka sa in bi bayansu ina tsince wuta-wutar ina tarawa a kan kararen.

Wajen hantsi Abdussamad ya zo a kan keke. Baba Dogo ne ya aika masa. Ya durƙusa gaban Baba a bakin shinge, ya cire hula, ya ce wallahi bai sani ba, a yafe masa, kuma baɗi zai huɗe gonar kyauta. Baba ya ce ba laifinsa ba ne, wanda bai sani ba ba a kama shi. Ya ce gefen nan sai auduga shekaru masu zuwa, har a ga abin da Allah zai yi. Sannan Abdussamad ya karɓi soso ya wanke ƙafafunsa da kyau, har tsakanin yatsu, ya karɓi adda ya shigo.

Ya zo daidai inda nake. Na yi ta tunanin wannan lokacin tun watan Yuli, na shirya masa maganganu iri-iri. Ya tsaya ya dube ni kamar yana ƙoƙarin tunawa.

Ya ce, "Ke ce ta ranar nan, ko? Mai ruwa."

Na ɗaga kai.

"Ai da kin ce in wanke, da na wanke. Har shanun ma." Ba da fushi ya faɗa ba. Yana faɗa yana duba bakin addarsa.

Na ce, "Na sani."

Ya wuce gaba ya ci gaba da sara.

Litinin, 10 ga Satumba, da yamma

Kararen sun sha iska, yau aka sa wuta. Ɗanye ne, ya ƙi ci, sai da aka ƙaro busasshen kara daga danninmu. Hayaƙin ya rufe hanya har mutane suka fito kallo. Inna ba ta zo ba, tana gida tana auna abin da ya rage a rumbu da ido.

Da wutar ta lafa kowa ya watse, saura ni da Baba. Wurin ya yi fili, baƙi ƙirin, ana hango gidanmu daga nan, abin da ba a taɓa yi ba da damina. Ya jingina da sandarsa yana kallon dawar da ta rage.

Ya ce, "Sabuwa."

Na ce na'am.

"Idona ba ya ganin ƙananan, kuma ba na iya durƙuso. Gobe da sassafe ki zo mu bi gefen yamma, layi-layi. Duk abin da kika gani ki faɗa mini."